Kunne Ɗaya, Rabin Kuɗi

Asabar da la'asar na kashe injin niƙa,
na kakkaɓe garin masara daga gira,
na gangaro daga Gangare da dubu biyu da rabi,
kuɗin da na hana cikina kwana huɗu.

A Taminus, ƙarƙashin wata yagaggiyar lema,
Gyang ya baje hajarsa:
iyafis fari, baƙi, ja kamar tattasai,
suna lilo a jikin ƙusa.
Ya ce, "Abokina, wanne kunnenka ke so?"
Na ce, "Tambayi aljihu, shi ne mai gidan."

Ya fara da marar igiya,
ɗan gida kamar kwalin ashana,
da ya buɗe, fitila ta kashe mini ido.
Dubu goma sha takwas.
Na mayar masa da hannu biyu, kamar ƙwai.
Abin da kullum sai an ciyar da shi wuta,
mu da wuta ke leƙo mu kamar baƙon nesa?
In ɗaya ya faɗa buhun dawa kuma,
wa zai tankaɗe mini shi?

Sai masu igiya.
Na zura na farko a wayata mai tsagaggen gilashi,
na kunna kalangun da nake gwaji da shi.
Sauro ne a cikin gwangwani.
Na biyu duk rugugi, kamar hadarin Agusta a kan Dutsen Shere,
ya haɗiye mawaƙi har da 'yan amshinsa.
Na uku robarsa ta ƙi zama,
ina sawa tana fitowa
kamar yaron da aka tura makaranta dole.

Gyang ya ce, "Kada launi ya ruɗe ka.
Duba wuyansa, inda igiya ta haɗu da baki,
nan ne ajalinsu yake."
Ya miƙo wani baƙi, igiyarsa a kitse
kamar ta takalmin 'yan ƙwallo.

Na sa.
Kasuwa ta ja da baya.
Na ji tafin makaɗi yana matse tsarkiya,
na ji inda mawaƙi ya saci numfashi
kafin ya hau baiti na gaba.
Shekara nawa ina jin waƙar nan,
ashe akwai mai tari a bayanta.

Dubu biyar.
Na taya, ya yi dariya.
Na ƙara ɗari biyu da ba ni da su, ya ce albarka.
Na cire shi a hankali,
kamar mai sallamar wanda ya rako tasha.

Har na juya, idona ya faɗa kwalin ƙarƙashin tebur.
Ga irinsa sak, a cukuikuye.
Ya ce, "Wancan dawowa da shi aka yi,
na hagu ya mutu.
Ba na sayar wa mutum matsala."

Dariya ta kama ni har mai lemo ta waiwayo.
Shekara tara ina tsaye gefen inji,
hagu na ba shi, hagun ya cinye.
Ko aradu ta faɗi ta can, sai an ba ni labari.
Na ce, "Gyang, faɗuwa ta zo daidai da zama."

Ya dube ni, ya dubi kunnen.
Ya ce dubu biyu,
ya ɗora mini robobi biyu gyara.

Ɗari biyar ta zama soyayyen dankali da yaji.
Yayyafi ya sauko, sanyin Jos ya shiga riga,
na hau hanyar gida da ƙafa.
Dama tana shan kalangu.
Hagu ma na toshe ta da nata,
kurma da bebe,
su yi hirarsu.